Sakainar Baba a Cikin Jita

Duk wanda ya tare ni a kasuwar Salaga ya ce, "Safura, ƙaninki Ayyub fa ya iya jita," sai in ce masa to, in ci gaba da jera doyata. Ba ƙarya yake yi ba. Ayyub ya iya. Abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan ma, domin da bai iya ba, da tuni na san inda zan ajiye haushina.

Mu 'yan zangon Yendi ne, gidan masu goge. Ubanmu, Baba Sumaila, a kan goge ya tsufa, kamar yadda nasa uban ya yi. Ni aure ya kai ni Salaga, inda nake sarin doya in kai Bawku, in ɗauko albasa in dawo. Ayyub shi kaɗai ne namiji a cikinmu, kuma tun yana ƙarami hannunsa ya ƙi zama a kan izga. Ya koyi gogen, ba a ce bai koya ba, amma ransa yana wajen jitar lantarki. A Tamale ya fara taɓa ta, daga baya wani mai ƙungiyar kiɗan biki a Bawku, Zainudeen, ya ɗauke shi aiki yana ara masa tasa.

Akwai abin da muke yi a gidanmu, ban ce kowane gidan goge na yi ba. Idan uba ya yarda ɗansa ya isa makaɗi, sai ya ɓalli 'yar sakaina daga jikin ƙwaryar gogensa, ya naɗe ta a guntun fata, a jefa cikin ƙwaryar sabon gogen ɗan. Ba laya ba ce. Babu rubutu a ciki, ba a tofa mata komai, sakaina ce kawai irin wadda ake kwashe shara da ita. Amma wanda babu ita a cikin abin kiɗansa ba ya cikin makaɗan gida. Ba ya hawa tabarmarsu, ba a buɗe kiɗa da shi a suna ko biki, kuma ranar da ubansa ya kwanta dama ba shi zai ja waƙar gidan ba.

Idanun Baba sun fara dushewa, sai maganar ta taso. Ƙaninsa Iddrisu, wanda muke kira Baba Ƙarami, yana da 'ya'ya maza masu goge, kuma ba ya ɓoye cewa su yake so su gaji tabarmar. Ya taɓa ganin jitar da Zainudeen ke ara wa Ayyub, katako ne curi guda, babu ko hudar da tururuwa za ta shiga.

"Yaya, wannan allo ne aka ɗaura wa waya," in ji shi. "A ina za ka sa sakainar? Da ƙaro za ka manna ta?"

Sai Baba ya ce, "In ya kawo abin kiɗa mai kogo, wanda sakaina za ta zauna a cikinsa, zan ba shi."

Baba Ƙarami ya amince nan take, har da dariya, don a saninsa jitar lantarki duk iri ɗaya ce.

To, a Salaga akwai Abdul-Manan, mai gyaran rediyo a bakin tasha, wanda kan kawo kayan gwanjo daga Kumasi. Wata rana na je karɓar rediyon maigidana na ga jita biyu rataye a bango. Ɗaya ja ce, curarriya, irin ta Zainudeen. Ɗayar ruwan ƙasa ce, ta fi faɗi, da tsaga biyu a fuskarta, dama da hagu. Na sa yatsa a tsagar, yatsana ya shige. Ko rediyon ban karɓa ba na kira Ayyub, lokacin yana gida Yendi, na ce ya hau babur ya biyo ta Bimbilla, ni zan saya masa.

Ya iso jajir da ƙurar hanya. Bai ko sha ruwa ba ya sauke jar jitar, ya rungume ta kamar wanda aka haifa masa ɗa. Abdul-Manan ya haɗa masa ita da wata tsohuwar lasifika. Gaskiya muryarta tana da kaifi, in ya taɓa waya ɗaya sai sautin ya yi ta tafiya bai mutu ba.

"Wannan shi ba ya da wahala," in ji Abdul-Manan, da Hausarsa ta 'yan Gonja. "Ka buɗe sauti har ƙarshe, shi ba zai yi kuka ba. Ka yar da shi ƙasa, ka ɗauka, ka ci gaba."

"Ɗayar fa?" na tambaya.

"Ɗayan, Mma, murya ya fi daɗi. Katako ya bi tsakiyansa, amma gefe da gefe kogo ne. Sai dai shi yana da hali. In ka tsaya da shi gaban babban lasifika, sauti zai shiga kogon, ya fita, ya koma, sai ka ji yana ihu kamar akuya. Dole ka ja baya, ko ka rage wuta."

Na sa Ayyub ya gwada ta. Ya karɓa yana ɓata fuska, amma da ya kaɗa, shi kansa ya saki fuska. Muryarta tana da kauri da ɗumi, akwai iska a cikinta. Har da Abdul-Manan ya zare wayar lasifika, ana jin ta a hankali tana magana. Jar kuwa in an zare mata waya sai ka kasa kunne kafin ka ji wani ɗan ƙis-ƙis.

Ana cikin haka Zainudeen ya kira. Ayyub ya buɗe wayar kowa na ji.

"Cale, abokina, kar ka sayo mini mai rami!" in ji muryar. "Mutanen Bawku ba su son kiɗa na raɗa. Mu muna buɗe wuta ne har unguwa ya girgiza. Ka ɗauko katako zalla, ka ji?"

Da ya kashe, Ayyub ya dube ni. "Yaya, kin ji dai. Aikina ne."

"Na ji. Baba fa?"

"Baba ba shi zai tsaya gaban mutane ba."

"Ya shekara nawa yana tsayawa gaban mutane kafin a haife ka?" na ce. "Ayyub, ba zan tilasta ka ba. Ga su nan biyu, wadda ka nuna ita zan biya. Amma in ka ɗauki jar, ka sani da hannunka ka miƙa wa 'ya'yan Baba Ƙarami tabarmar gidanmu."

Ya zagaya shagon, ya fita, ya dawo. Ya sake ɗaukar jar, ya ajiye. Daga ƙarshe ya nuna mai kogon da haɓa, ya ce zai san yadda zai yi da Zainudeen. Ina so a riƙe wannan, domin daga baya ya so ya ce ni na zaɓa masa. Shi ya nuna ta, Abdul-Manan na tsaye.

Muka kai ta Yendi tare. Baba yana zaune a zaure, aka ɗora masa ita a cinya. Ya shafa ta daga wuya har gindi, yatsunsa suka sami tsagar, ya ƙwanƙwasa fuskar ya ji ta amsa. Ya ce Ayyub ya kaɗa masa haka nan, ba lantarki. Ayyub ya ɗauko waƙar da Baba ke buɗe kiɗa da ita, ya bi ta da jita a hankali. Baba ya sunkuyar da kai har Ayyub ya gama.

"Wannan tana numfashi," ya ce. "Iddrisu, zo ka taɓa."

Baba Ƙarami ya taɓa da yatsa ɗaya, kamar an ce ya taɓa wuta, ya koma ya zauna. Ai shi da bakinsa ya yarda da sharaɗin.

Aka miƙo wa Baba gogensa da 'yar wuƙa. Da a ce idanunsa na nan kamar da, da ya ɓalle sakainar ba tare da ƙwaryar ta sani ba. Amma ido ba ya gani sosai, kuma ya ƙi yarda kowa ya taimake shi. Wuƙar ta zame, tsagar ta wuce inda ya nufa, ta bi ƙwaryar har kusan rabi. Duk muka ji ƙarar. Ya ja izga sau ɗaya don ya gwada, gogen ya yi wata zizar da ba ta taɓa fita daga gare shi ba. Hawaye suka zo mini. Shi kuwa ko a jikinsa, ya naɗe sakainar a fata, ya tura ta cikin tsagar jitar, ya girgiza ta kusa da kunnensa. Ta yi 'yar ƙara a ciki. Ya yi murmushi ya ce wa Ayyub ya hau tabarma.

Bayan 'yan makonni ƙawata Anisatu, wadda nake sarin albasa a wurinta a Bawku, ta tashi aurar da 'yarta, kuma ƙungiyar Zainudeen aka ɗauka. Ranar Lahadi ce, da rana tsaka, don a Bawku mutane sun saba sallamar biki da wuri. Ni ina bayan rumfa tare da mata, ina juya shinkafa a babbar tukunya, ina alfahari ina gaya wa kowa cewa mai jitar nan ƙanena ne.

Zainudeen ya jibge lasifika kan lasifika kamar buhunan masara. A can ƙarshen layi kuma akwai wani bikin, da wasu makaɗan da suka daɗe suna gasa da shi, kowa na so ya danne ɗan'uwansa da ƙara. Zainudeen ya ga jitar tun da safe, ya yi tsaki, amma bai hana ba. Sai ya tsayar da Ayyub daidai bakin lasifikan, wai nan ne mai ɗaukar bidiyo zai fi samunsa.

Ana buɗe wuta jitar ta ƙwala ihu. Ba ƙaramin ihu ba, irin wanda ke shiga haƙori. Tsofaffi suka toshe kunne, jarirai suka fashe da kuka, amarya ta zabura har mayafinta ya zame. Ayyub ya danne wayoyin da tafin hannu, ta yi shiru, yana sakewa ta dawo. Daga inda nake ina hangensa yana nuna wa Zainudeen gefe, yana roƙon a bar shi ya matsa ko a rage wuta.

"In rage?" Zainudeen ya daka masa tsawa, da makirufo a hannu, kowa na ji. "In rage, waɗancan su ce sun kashe ni? Kawo shi nan!"

Ya fizge jitar, ya juya ta, ya jijjiga ta da haushi. Sai ya tsaya cak. Ya sake jijjigawa kusa da kunne. Ya ce a ba shi 'yar wayar ƙarfe. Ya lanƙwasa bakinta, ya zura cikin tsagar, ya yi ta ƙwaƙule har ƙullin fatar ya faɗo a tafin hannunsa. Ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, kun gani? Laya! An yi mana aiki!" Ya nuna ƙarshen layi. "Na san masu shi. Shi ya sa jita yana kuka!"

Wurin ya kaure da salati. Na saki muciya na fara kutsawa, amma mata sun taso sun cika hanya, kowa ta ɗaga waya tana ɗauka. Ban damu sosai ba a lokacin, don na san Ayyub na tsaye a wurin, kuma kalma ɗaya ta isa. In ya ce na ubana ne, shi ke nan.

Zainudeen ya juya gare shi. "Ayyub, ka san wannan abu?"

Ayyub ya dubi taron. Ya dubi 'yan matan da suka saita masa wayoyi, ya dubi abokan kiɗansa, ya dubi malaman da ke zaune a gaba suna girgiza kai.

"Ban sani ba, Masta," ya ce. "Gwanjo ce. Haka na same ta."

Na buɗe baki na kira sunansa, amma wa zai ji ni cikin wannan hayaniya? Zainudeen ya ratsa mutane da saurinsa, suna dare masa, ya nufi bayan rumfa, wato inda na baro. Na juya na bi shi ina ihu, "Tsaya! Na Babanmu ne! Sakaina ce!" Kafin in kai ya riga ya cilla ƙullin cikin murhu, ƙarƙashin tukunyar da ni da kaina na hura wa wuta. Na ture shi, na durƙusa, na tona garwashin da muciya, na sa hannu. Busasshiyar ƙwarya da tsohuwar fata, me za su jira? Abin da na fito da shi baƙin gawayi ne, ya marmashe a yatsuna.

"Mma, kar ki taɓa, zai kama ki!" in ji Zainudeen, wai shi mai tausayi.

Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Anisatu ce ta riƙe ni, tana roƙona don girman Allah kar in ɓata wa 'yarta rana.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. Suka koma, suka sake haɗa jitar a daidai wurin da take, gaban lasifika, wuta a buɗe har ƙarshe. Ta sake ƙwala ihun nan, ko ɗigo bai ragu ba. Ka ce mutumin nan zai ji kunya? Ina! Sai ya kaɗa kai ya ce aikin ya riga ya shiga katako. Ya aika aka ɗauko tasa curarriyar daga mota, ya rataya wa Ayyub. Tawa, wadda na saya da gumin doya, aka jingine ta a jikin bango kusa da kwandon kwanuka.

Ayyub ya kaɗa. Ya kaɗa kamar babu abin da ya faru, kai, ya fi kullum ma. Mata suka fito rawa, ana ta yi masa liƙi a goshi, amarya da kanta ta taka. Ni ina zaune a kan turmi da hannu cikin ruwan sanyi, ina jin yadda jama'a ke kiran sunansa, ina jin kamar in tashi in kifar da tukunyar.

Da aka watse, kafin magariba, ya zo ya tsuguna a gabana. Na riga na ɗauko jitar na ɗora a cinyata.

"Yaya, ki fahimce ni. In na ce tawa ce, za su ce ɗan masu goge yana yawo da asiri. Bidiyon zai zaga ko'ina. Ba wanda zai ƙara ɗaukata biki."

"Sai ka ce ba ka san ta ba."

"Ai ke kika matsa a sayi mai kogon nan. Na faɗa miki ba za ta yi aiki a Bawku ba."

"Taku kaɗan za ka ja baya ta yi shiru, Abdul-Manan ya faɗa maka a gabana. Ba jitar ce ta kasa ba."

Ya ɗan yi wasa da ƙasa da yatsa. Sai ya rage murya ya ce, "Akwai masu ƙwarya a kasuwa. Gobe in sayi tsohuwa, in ɓalla, in naɗe a fata. Baba ba ya gani sosai. Ƙarar kawai zai ji."

Na dube shi har sai da ya kawar da kai. Wannan ne yaron da na goya, wanda na tauna wa gyaɗa na sa masa a baki.

"Mutumin da ya tsaga gogensa saboda kai," na ce, "shi za ka kai wa sakainar kasuwa? Ba zan faɗa masa komai ba, Ayyub. Ba aikina ba ne. Amma jitar nan ba za ta bar hannuna ba sai a zauren Baba, kuma kana gefena."

Haka aka yi. Washegari na bar albasata a wurin Anisatu, muka hau mota. Duk tsawon hanyar nan, ta Garu da Nakpanduri da Gushegu, jitar na kan cinyata, mota na faɗawa rami tana fita, ni kuma ina jin yadda babu abin da ke motsi a cikinta. Ayyub ya yi ta kallon taga. Sau ɗaya ya ce in kawo ya riƙe mini in huta, na ce na gode.

Muka sami Baba a zaure bayan la'asar, Baba Ƙarami na gefensa suna cin goro. Baba ya ji muryarmu ya washe baki.

"Makaɗin Bawku! Yaya aka yi? Ta yi magana?"

Ya miƙo hannu biyu. Na ɗora masa jitar. Ya shafa fuskarta, ya ɗaga ta kusa da kunne ya girgiza. Ya saurara. Ya juya ta ya sake girgizawa, a hankali, sannan da ƙarfi. Ya karkata ta gefe ɗaya, ya bubbuga bayanta ko ta maƙale a wani lungu. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, yana jira a ce masa wasa ne.

Ayyub ya fara bayani. Ya yi maganar lasifika, da yadda sauti ke shiga kogo ya dawo, da gasar da ake yi da mutanen ƙarshen layi, da halin Zainudeen in ransa ya ɓaci. Ya ce an ɗauka laya ce, an jefa a wuta. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya tsallake wuri ɗaya. Baba ya bar shi har ya ƙare.

"Da aka ciro ta, kana wurin?"

"Ina wurin, Baba."

"An tambaye ka?"

Ayyub ya dube ni. Na dubi bango.

"An tambaye ni."

"Ka ce me?"

Baba Ƙarami ma ya daina tauna goronsa, kuma in faɗi gaskiya, ban ga farin ciki a fuskarsa ba.

"Na ce ban san ta ba," in ji Ayyub, da ƙyar ake jin sa.

Baba bai ɗaga murya ba. Na so ya ɗaga, na so ya zage shi, ya jefe shi da takalmi, ko na sami wanda zai taya ni. Sai kawai ya goge ƙurar hanya daga fuskar jitar da hannun rigarsa, ya miƙa wa Ayyub ita da hannu biyu, da ladabi.

"Jita ce mai kyau," ya ce. "Allah ya ba da sa'a da ita."

Ayyub ya karɓa, ya matsa zai zauna a bakin tabarmar. Baba ya ji motsinsa, ya ɗan ɗaga hannu.

"Safura," ya ce, "ɗauko wa baƙo kujera, ki kawo masa ruwa. Ya sha hanya."

Na tashi na ɗauko.